ZAUREN 'YAN MATA: Kafin A Kai Gado, A Tambayi Gida

   

Yau zancenmu na gidan haya ne, gidan farko da za a kai yarinya bayan an ɗaura. Na kuma fi karkata shi ga ƙannena na Anka da Gummi da Bukkuyum, can yammacin jihar Zamfara, domin kuwa akwai tambayoyin da suka zama dole a kansu fiye da kowa. Amma ke ma ta Kano ko Zariya kada ki buɗe shafin gaba, akwai rabonki a ciki.

A littafin soyayya kam abin da sauƙi. Ana ɗaura aure sai ga jerin motoci sun nufi wani tangamemen gida a unguwar masu hali, maigadi ya wangale get, amarya ta taka kafet har ƙafarta na nutsewa. To wannan labari ne, a karanta a ji daɗi. Mafi yawanmu ɗaki da rumfa ne ko ciki da falo ke jiranmu, kuma ba abin kunya ba ne, in dai an zaɓe shi da ido biyu.

Da can a garuruwanmu ango ba ya neman gida. Gefen gidan ubansa ake yanka masa, ya buga tubali ya tayar da ɗaki, a zagaye da zana ko katanga, shi ke nan an yi sashen amarya. Haya sai baƙo, irin su malamin makaranta da malamin asibiti da ɗan sandan da aka yi wa canjin wurin aiki. Yanzu kuwa gidajen gado sun cika sun batse, ga kuma mutanen ƙauyuka da 'yan bindiga suka taso sun kwararo cikin gari. A 2019 har ginin sabuwar fadar Sarkin Anka da ba a gama ba sai da ya zama matsugunin 'yan gudun hijira, a watan Janairun 2022 kuma aka sake kai munanan hare-hare ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wasu ɗimbin jama'a suka baro gidajensu. Ɗaki ya yi wuya, masu nema sun fi masu bayarwa yawa. Shi ya sa saurayin da aka sa wa rana, da zarar dillali ya ce masa ga wani nan in bai kama yau ba gobe wani zai kama, sai ya zaro kuɗi ya biya, ko bayi bai leƙa ba.

To tambayar da nake so ki yi wa kanki ita ce, wa zai zauna a gidan nan? Angonki daga ya karya kumallo ya fita kasuwa ko ofis ko gona, wataƙila sai bayan isha'i. Ke ce za ki wuni a ciki, ke za ki ja ruwa, ke za ki yi girki, ke za ki share tsakar gida, nan za ki yi laulayi, nan ɗanki zai yi rarrafe. Shari'a ta ɗora wa miji nemo wurin zama gwargwadon ƙarfinsa, gaskiya ne, amma wadda za ta ci daɗin wurin ko ta sha wuyarsa ita ce matar. Saboda haka kina da bakin magana.

Na san za ki ce, "Yo Anti, ni da ko sunansa ba na iya faɗa gaban Inna, ta yaya zan ce a kai ni in ga gida?" Ai al'adarmu ta riga ta buɗe miki ƙofa, ita ce ganin ɗaki. Kafin jere dangin amarya kan je su ga inda za a kai 'yarsu. Sai dai abin takaici, me suke dubawa? Su ɗauki igiya su auna inda gado zai zauna, su auna faɗin taga saboda labule, su ƙirga yadin leda, su yi gardama a kan ko sif zai shiga ƙofa, su dawo suna cewa ɗaki ya yi kyau, ya sha shuɗin fenti. Ba wadda ta leƙa rijiya, ba wadda ta ɗaga kai ta dubi rufi, ba wadda ta shiga maƙwabta ta ce salamu alaikum. To ki samu gwaggonki ko yayarki, wadda kike sakewa da ita kuma ba ta jin nauyin tambaya, ki zaunar da ita tun kafin ango ya biya kuɗi, ki ba ta waɗannan tambayoyi ta tafi da su. Matambayi ba ya ɓata.

TAMBAYAR FARKO: ME AKA TAƁA YI A TSAKAR GIDAN NAN?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a yankinmu, kuma ita ce aka fi mantawa. Wasu daga cikinku suna goye aka yi abin, wasu ma ba a haife su ba, bari in ba ku labari.

A farkon shekarar 2010 yara ƙanana suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma, kafin a yi wani abu rai ya yi halinsa. An zaci sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, aka yi ta ba da magani a banza. A watan Maris na shekarar ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da abin, da aka auna jinin yaran sai aka tarar gubar dalma ce. Ƙauyukan sun haɗa da Dareta, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, sai 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai aka yi wa magani. A ƙauyuka biyu da masu bincike na hukumar CDC ta Amurka suka bi gida-gida, sun tarar cikin shekara guda an rasa kusan yaro ɗaya cikin kowane huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Daga ina gubar ta fito? Daga cikin gida. Zinare ya yi tsada, maza suka riƙa haƙo duwatsu suna kawowa gida, ana fasawa, ana dakawa a turmi, ana niƙawa da injin niƙa irin na hatsi, ana shanyawa a tsakar gida. Ashe duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta sauka a ƙasa, ta sauka a kan tabarma da kwano da randa, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Iyayen nan neman halal suke yi, ba su san abin da ke cikin dutsen ba.

Abin da ya sa na kawo wannan a zancen gidan haya shi ne, dalma ba ta ruɓewa. Ba ta wari, ido ba ya bambanta ta da ƙurar gari, kuma shekaru ba sa kashe ta. Wanda ya niƙa dutsen zai tashi ya bar gidan, ita tana nan kwance a ƙasa tana jiran ɗan wanda zai shigo. Tsintsiya ba ta raba gida da ita, sai ma ta tayar da ita a shaƙa. Lokacin da aka zo tsabtace ƙauyukan nan, kankare saman ƙasar tsakar gidaje aka yi, aka kwashe aka binne a rami can nesa, sannan aka zubo sabuwar ƙasa. Bagega ma sai a 2013 aka samu aka yi mata wannan aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro, komai ƙanƙantarsa, da za a ce ba ya cutarwa. Wanda bai mutu ba tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya tashi karatu na yi masa wuya. Mai ciki kuma tana iya miƙa wa ɗan da ke cikinta.

Ba cewa nake yi kowane gida a Anka ko Bukkuyum yana da guba ba, a'a, kada a ɗauki maganata a je ana tsangwamar mutane. Amma sana'ar zinare ba ta mutu ba. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ta kuma ɗage hanin a Disambar 2024, dutse kuwa buhu ake sa shi a ɗora a babur, yana iya shiga kowane gida a kowane gari. Saboda haka gwaggo ta tambaya: wa ya zauna a nan kafin mu, mece ce sana'arsa? An taɓa daka dutse ko niƙa shi ko wanke shi a gidan nan? Ƙasar da aka yi daɓe da yaɓe da ita, daga ina aka ɗebo ta? Ta zagaya bayan ɗaki da lungun bayi, ta duba ko akwai tarin tsakuwar da aka fasa, ko wurin da aka taɓa girke inji, ko ɗan ramin wanki. In an ce an taɓa, ko aka fara yi mata kwana-kwana, to a haƙura da gidan ko da kyauta ne. In kuwa an samu mai daɓen siminti a ɗaki da tsakar gida, ya fi, don ana iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Wadda kuma angonta ke zuwa wurin haƙa, ta roƙe shi ya riƙa wanka da canja kaya a can, kada ya shigo mata da ƙura ko buhun dutse.

TAMBAYA TA BIYU: INA RUWA KE BI, INA AKE SAMUNSA?

Yawancin bukukuwanmu da kaka ake yi ko da rani, lokacin da amfanin gona ya zo hannu. A lokacin kuwa kowane gida lafiyayye ne, ƙasa a bushe, bango ya sha farar ƙasa. Gida ba ya faɗin gaskiyarsa sai Agusta. Mutanen Gummi ba sa bukatar a tuna musu, domin a watan Agustan 2024 ambaliya ta shiga garin ta rusa gidaje masu ɗimbin yawa, dubban mutane suka rasa wurin kwana, har Gwamna Dauda Lawal ya je jaje. Garin da ke kusa da gulbi da fadama yana da albarkar noma, amma wajibi ne mai kama gida ya san tudu ya san kwari.

Ga yadda ake ganewa ko da rani ne. A tsaya a bakin ƙofa a duba, titi ne ya fi tsakar gidan tudu ko gidan ne ya fi? In sai an gangara ake shiga zaure, to ruwan unguwa nan zai sauka. A dubi gindin bango ta waje da ta ciki, in akwai wani layi da ya zagaye shi kamar an ja da alli, ko ƙasan ya sha sabon yaɓe saman kuma tsoho, ruwa ne ya taɓa kwana a wurin. A bi rariya a ga inda take zubarwa. A ɗaga kai a dubi rufi: in na kwano ne a rufe ƙofa da taga da rana tsaka, duk inda haske ya ɓullo nan ruwa zai ɓullo, in na soro ne a duba azara ko gara ta ci, a duba indararo. Taswirar da kike gani a jikin silin ba ado ba ce, yoyo ne. Kayan ɗakin nan da Baba ya sayar da sa ya saya miki, katifa da gado da kujeru, damina ɗaya ta isa ta gama da su.

Sai ruwan sha. Akwai rijiya a gidan? Tana kaiwa watan Afrilu da Mayu ko ƙafewa take yi? Taku nawa ne tsakaninta da masai? Masana lafiya sun fi son a samu tazarar kamar mita 30, domin ƙazantar masai tana bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga rijiya, balle in ruwa ya yi yawa. A 2021 da cutar amai da gudawa ta ratsa Arewa, Zamfara na cikin jihohin da suka fi jin jiki, kuma gurɓataccen ruwa shi ne babbar hanyarta. In babu rijiya, ina burtsatse mafi kusa? In sai an saya wurin 'yan garuwa, to a yi lissafi tun yanzu: jarka biyar a rana, jarka 150 ke nan a wata. A tambayi kuɗin jarka a unguwar a buga, sai ki ga gidan da aka ce mai araha ne ya fi mai rijiya tsada. Ke kuma amarya ce, ba fita za ki yi da bokiti a ka ba.

Bayi ma a shiga a gani da ido. Ya kusa cika? Yana da ƙofa ko buhu aka rataya? Bakin ramin da ƙwari, ko irin wanda damina ke burmawa ne? Mutum nawa ke shigarsa? Kada kunya ta hana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

TAMBAYA TA UKU: SU WA ZAN TARAR?

Larabawa na cewa a nemi maƙwabci kafin a nemi gida, mu kuma muka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. In gidan na mutum ɗaya ne, to maƙwabtan katanga za a duba. In kuwa gidan haya ne na taro, mai ɗaki shida ko takwas a tsakar gida ɗaya, to nan ake yin ta. Ki sani madafi ɗaya za ku haɗa, igiyar shanya ɗaya, rijiya ɗaya, kuma duk abin da kika dafa sai an ji ƙamshinsa, duk abin da kuka faɗa da mijinki sai an ji amsarsa. A tambaya: duka masu aure ne, ko akwai gwauraye da samari a ciki? Yarinyar da za ta yi zaman kulle ba ta sakewa a gidan da maza ke ratsa tsakar gida kowane lokaci, kullum tana cikin hijabi ko wanke-wanke za ta yi. Yaya ake rabon shara da wankin bayi? Ƙarfe nawa ake rufe ƙofar gida, wa ke riƙe da makulli?

Amsar waɗannan ba a bakin dillali take ba. Shi la'adarsa yake nema, duk abin da aka tambaye shi cewa zai yi, "Wallahi Hajiya gidan ga tun da anka gina shi ruwa bai taɓa shiga ba, mutanen ciki kuwa kamar 'yan uwa suke." Gwaggo ta ce masa madalla, sannan ta zame ta shiga gida na biyu ko na uku a layin, ta nemi tsohuwar gidan, su gaisa, ta ce, "Iya, ɗiyarmu za mu kawo gidan can, don Allah mi ya sa na ciki sunka tashi?" Wallahi a zama ɗaya za ta ji tarihin gidan tun daga tushe. Gidan da cikin shekara biyu mutum uku suka shiga suka fita, ruwa ba ya tsami banza.

Sai maganar da ba ma son yi amma ta zama dole, wato tsaro. Gidajen bakin gari, sababbin gine-ginen da ke kallon daji, su ne suka fi sauƙin kuɗi kuma suka fi sabon fenti. A tambayi mutanen unguwar yadda suke kwana. Akwai maƙwabta ta kowane ɓangare, ko kangaye ne da gonaki? In angonki matafiyi ne, mai bin kasuwannin ƙauye ko direba, wa za ki kira da dare? Waya na samun sabis a cikin ɗakin? Kuma kada a dogara da waya kaɗai, ai mun ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumbar 2021, ranar nan maƙwabcin da zai ji bugun katanga shi ne gata. In naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare, minti nawa ne zuwa asibiti, kuma mota ko Keke na iya shiga lungun? Tsohon ɗaki a tsakiyar mutane ya fi sabon gida a inda ba mai jin kiranki.

TAMBAYA TA HUƊU: ZA MU IYA BIYA BAƊI?

Kuɗin shekarar farko ba ya wuya, domin lokacin biki kowa na taimakawa, ga gudummawar abokai ga ta dangi. Shekara ta biyu ita ce gwaji, lokacin ga ciki ko ga goyo, ga ragon suna. Nan nake jan kunnenmu mu 'yan mata. Kada ki matsa wa bawan Allah ya kama gidan da ya fi ƙarfinsa don kawai ƙawarki an kai ta mai tayil. Ƙawayen da za su zo su yi ta santin falo, ranar da mai gidan haya ya turo a fitar da kaya ba za ki ga ko ɗaya ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ga ɗan lissafi. A ce samunsa a wata naira 70,000 ne, wato mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta tsayar a 2024. A shekara ya kama 840,000. A nawa ganin, in haya da ruwa da wuta suka haura kashi ɗaya cikin huɗu, wato 210,000, to tukunyarki ce za ta cike giɓin. In manomi ne ko ɗan kasuwar hatsi, a daidaita da mai gidan lokacin biya ya riƙa faɗowa da kaka, kada ya faɗo tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Kafin a miƙa ko sisi, a tabbatar da mai gidan na gaskiya. Gidajen gado sun fi kawo rigima: wannan ɗa ya karɓi kuɗi, bayan wata uku ƙaninsa ya zo ya ce ba da saninsa ba, ko a ce za a raba gado a sayar. A je wurin mai unguwa, shi ya san gidan wane ne da wanda ke da ikon bayarwa. Sannan a rubuta takarda, ko da a fallen littafin makaranta ne, da Hausa, kowa ya sa hannu da shaidu biyu. A rubuta nawa ne, daga wane wata zuwa wane wata, na Musulunci ko na Bature. A rubuta wa zai yi yaɓe da gyaran rufi, wa zai biya yashe masai, in ɗan haya ya yi gyara da kuɗinsa za a cire masa a haya ko a'a. A rubuta wata nawa za a ba mutum notis in ana son ya tashi, da kuma cewa ba ƙarin kuɗi a tsakiyar shekara. La'adar dillali a san ta tun farko. Duk biyan da aka yi a karɓi rasit, ke kuma ki adana shi a ƙasan akwatinki, don maza ba su iya ajiyar takarda ba. In gidan da wuta, a nemi bil na ƙarshe a gani. Kamfanin wuta na Kaduna shi ke raba wuta a Zamfara, kuma bashin da na baya ya bari yana nan a kan gidan, ranar da 'yan NEPA suka zo da tsani ba ruwansu da cewa ke amarya ce.

Na san wani zai ce ai Alhaji mutumin kirki ne, abokin Baba ne, neman takarda kamar rashin yarda ne. To Alhaji mai rai ne, yana iya rasuwa, magadansa kuma ba su san alkawarin da aka yi a zaure ba. In an je gaban alƙali takarda da shaidu zai tambaya.

YADDA ZA KI FAƊA MASA

Saura dabarar magana, don namiji ba ya son a nuna masa bai iya ba. Kada ki tare shi da "ni fa ba zan zauna ko'ina ba sai na gani". In ya zo zance, bayan an gaisa an yi raha, sai ki sunkuyar da kai ki ce, "Malam, ina da 'yar magana in ba za ka ji haushi ba. Na san kana ta wahalar neman inda za mu zauna, Allah Ya saka da alheri. Ni ba babba nake so ba, ba kuma mai tsada ba. Roƙona ɗaya, in ka samu kada ka biya sai Gwaggo ta je ta gani, don akwai abin da idon mace ke gani wanda na namiji ba ya kula da shi. Kuɗinka nake tausayi, da lafiyar 'ya'yan da Allah zai ba mu." Ina tabbatar miki mai sonki da gaskiya daɗi zai ji, ya san ya samu matar rufin asiri. Wanda kuwa ya murtuƙe fuska a kan wannan 'yar magana, to kin fara sanin halinsa tun da sauran lokaci.

Ke ma da aiki zai kai ki ɗaya daga garuruwan nan, malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti, tambayoyin duka naki ne. Ki tafi da muharraminki, ki fifita gidan da akwai dattijuwa a ciki, ki kuma sa a gabatar da ke wurin mai unguwa.

Ƙannena 'yan makaranta, na san wasunku na dariya suna cewa mu da ko jarrabawar fita ba mu yi ba. To ku yanke shafin nan ku ajiye, ko ku karanta wa yayyenku da aka sa wa rana, ku karanta wa Inna da Gwaggo su ma su ji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fenti da labule da leda duk ana sakewa a wuni ɗaya, amma ƙasar gida da ruwansa da maƙwabtansa yadda kika same su haka za ki zauna da su.

Allah Ya ba kowace yarinya miji nagari da gida mai albarka, Ya jiƙan yaran da muka rasa, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu cikin aminci, Ya zaunar da Zamfara da ƙasarmu lafiya. Ina jiran wasiƙunku, musamman matan da suka riga mu shiga gidan haya, ku rubuto mana abin da kuka gani don na baya su amfana. A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu za mu taɓa zancen kayan ɗaki, wanne ne dole, wanne ne gasa.

Taku har kullum, mai ƙaunarku.